Kasuwar Hayaƙi: Daga Allon Malamai Zuwa Bututun Masana'antu

Tun kafin duniya ta san zancen ɗumamar yanayi, akwai wata tambaya da ta hana masana tattalin arziki sakat. Idan masana'anta ta turnuƙe unguwa da hayaƙi, ta baƙanta wa mata shanya, ta cika yara da tari, wa zai biya? Mai masana'anta ya biya kuɗin kwal, ya sallami leburori, ya biya haya, amma iskar da ya ɓata a ɓagas ya same ta. A 1920 Arthur Pigou na Jami'ar Kambirij a Ingila ya ce maganin abin haraji ne: hukuma ta ƙiyasta ɓarnar, ta ɗora wa mai yin ta kuɗinta. A 1960 Ronald Coase ya zo da wata fahimta dabam. A ganinsa tushen rigimar rashin sanin mai haƙƙi ne. Muddin aka fayyace wa ke da ikon me, kuma ciniki bai yi wahala ba, mutane za su sasanta kansu ta hanyar saye da sayarwa.

Ana yawan cewa Coase ne uban kasuwar hayaƙi, amma akwai ƙarin gishiri a zancen. Shi dai ya share fage. Waɗanda suka zana tsarin a rubuce su ne Thomas Crocker a Amurka a 1966, kan gurɓatar iska, da John Dales na Jami'ar Toronto a Kanada a 1968, kan gurɓatar ruwa. Dabararsu ba ta da wuyar ganewa. Hukuma ta yanke adadin tan na hayaƙi da za a fitar a shekara, ta buga takardun izini daidai wannan adadi, kowace takarda tan ɗaya. Duk wanda ya fitar da hayaƙi dole ya miƙa takardu daidai da abin da ya fitar. A ce masana'antu biyu ne, ɗaya dala 20 za ta kashe ta rage tan guda, ɗayar kuwa sai dala 80. Ta farko za ta rage da yawa ta sayar da rarar takardunta, ta biyu ta saya, a samu ragin da ake so da kuɗi kaɗan. Mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin duk tarihin da zai biyo baya a kansa ya rataya: cinikin kansa ba ya rage ko tan ɗaya, sauƙaƙa kuɗin ragin kawai yake yi. Abin da ke rage hayaƙi shi ne ƙarancin takardun, kuma 'yan siyasa ne ke yanke yawansu.

Amurka ce ta fara gwadawa. Tsakanin 1982 da 1987 an bar matatun mai su yi cinikin izinin zuba dalma a fetur yayin da ake janye ta sannu a hankali, abin kuma ya tafi lafiya. Babban gwajin ya zo a Nuwamban 1990, lokacin da Shugaba George Bush uba ya sa hannu kan gyaran dokar tsaftar iska. Matsalar lokacin ita ce hayaƙin farar wuta daga tashoshin lantarki masu ƙona kwal, wanda yake haɗuwa da girgije ya sauko a matsayin ruwan sama mai guba, yana kashe kifaye a tafkuna da itatuwa a arewa maso gabashin ƙasar da Kanada. Doka ta nemi a rage tan miliyan 10 a shekara daga abin da ake fitarwa a 1980. Aka fara a 1995 da tashoshi 110 mafiya ƙazanta. An maƙala wa kowane bututu na'urar da ke auna hayaƙi dare da rana tana tura sakamako ga hukuma, wanda kuma ya wuce takardunsa ya biya tarar dala 2,000 a kan kowane tan. Hayaƙin ya ragu da sauri, an cim ma adadin da aka sa wa 2010 tun a 2007, kuɗin da aka kashe kuma bai kai rabin abin da aka yi hasashe ba.

Labarin da ya bazu daga nan shi ne kasuwa ta yi abin al'ajabi. Abin da ke rubuce ya ɗan bambanta. Tun 1980 aka sassauta dokokin sufurin jirgin ƙasa a Amurka, kuɗin dako ya faɗi, sai kwal ɗin jihar Wyoming mai ƙarancin farar wuta ya zama da araha har ga tashoshi masu nisa. Da yawa sun koma kansa don ya fi musu riba, ko da doka ko babu. Ga shi kuma farar wuta tana da na'urar wanke ta a bakin bututu, tashoshin 'yan ɗari ne, duk a ƙarƙashin gwamnati ɗaya. Iskar kabon ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan rangwame, domin ita ce ainihin abin da wuta ke haifarwa a duk inda aka ƙona kwal ko mai ko gas. Duk da haka, da wannan labarin nasara wakilan Amurka suka tafi Japan.

A Disamban 1997 a birnin Kyoto, ƙasashe masu arzikin masana'antu suka yi alkawarin rage hayaƙinsu da kimanin kashi 5 cikin 100 ƙasa da na 1990, tsakanin 2008 da 2012. Amurka ta dage sai an saka ciniki a yarjejeniyar, ƙasashen Turai suna ɗari-ɗari, suna ganin hanya ce ta mai kuɗi ya sayi izinin ɓarna. A ƙarshe aka saka. Sai reshe ya juye da mujiya. Tun watan Yulin shekarar majalisar dattawan Amurka ta kaɗa ƙuri'a 95 babu ko ɗaya da ya ƙi, cewa ba za ta amince da yarjejeniyar da ta ƙyale ƙasashe masu tasowa ba, a 2001 kuma George Bush ɗa ya tsame ƙasarsa gaba ɗaya. Tarayyar Turai, wadda ta so harajin kabon tun 1992 amma ta kasa saboda haraji sai kowace ƙasa ta yarda, ta ga ciniki ba ya buƙatar bakin kowa ya zo ɗaya. Ta yi doka a 2003, ranar 1 ga Janairun 2005 kuma ta buɗe kasuwar kabon mafi girma a duniya a lokacin, wadda ta haɗa tashoshin lantarki da masana'antun ƙarfe da siminti da takarda da matatun mai sama da 10,000, kusan rabin iskar kabon da Tarayyar ke fitarwa.

Kuskuren farko babba ne. An bar kowace ƙasa ta yanke wa masana'antunta adadi, ba tare da sahihin awo na abin da suke fitarwa ba, kusan duka takardun kuma kyauta aka raba su. Kowace gwamnati ta tausaya wa nata. Farashi ya hau har ya kai wajen Yuro 30 a Afrilun 2006. A ƙarshen watan sai sakamakon awon 2005 ya fara fitowa daga ƙasashe irin su Faransa da Holan da Cak, 'yan kasuwa suka duba suka ga hayaƙin da aka fitar bai kai yawan takardun da aka raba ba. Cikin 'yan kwanaki farashi ya zube da fiye da rabi. Da yake doka ta hana tsallakawa da takardun zango na farko zuwa na biyu, kafin ƙarshen 2007 takarda ta koma 'yan kwabbai. Kamfanonin lantarki kuwa sun ci karensu babu babbaka: takardun da aka ba su kyauta suka lissafa a farashin kasuwa, suka ɗora wa masu biyan kuɗin wuta.

Zango na biyu, 2008 zuwa 2012, ya fara da adadi mai ɗan tsauri da tarar Yuro 100 a kan kowane tan, sai durƙushewar tattalin arzikin duniya ta faɗo masa. Masana'antu suka rage aiki, hayaƙi ya ragu da kansa, amma yawan takardu yana nan yadda aka yanke shi. Farashi ya faɗo daga kusan Yuro 30 a tsakiyar 2008 zuwa ƙasa da 10 a farkon 2009. 'Yan damfara ma suka sami ƙofa. Mutum ya buɗe kamfani na bogi, ya sayi takardu daga wata ƙasa babu harajin VAT, ya sayar a kasuwar BlueNext ta Paris ya karɓi harajin kashi 19.6 a kai, ya sa a aljihu ya ɓace kafin hukuma ta nemi kuɗinta. Hajar ba ta da nauyi, ba ta buƙatar mota ko sito, lambobi ne a kwamfuta, ana iya juya ta sau da yawa a yini guda. Rundunar 'yan sandan Turai ta Europol ta ƙiyasta asarar da wajen Yuro biliyan 5. A Janairun 2011 kuma masu kutse suka sace takardu daga rajistar wasu ƙasashe, har aka dakatar da ciniki na ɗan lokaci.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Yarjejeniyar Kyoto ta buɗe wata hanya ta biyu, wadda ake kira CDM. A nan babu adadin da aka yanke. Kamfani zai yi wani aiki a ƙasa mai tasowa, ya ce da ba don shi ba da an fitar da tan kaza, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi takardu, ya sayar wa masana'antar Turai ta ci gaba da nata hayaƙin. Wato ana sayar da abin da bai faru ba, bisa hasashen abin da da zai faru. Wa zai tabbatar? Masana'antun sinadarin sanyaya firji a Sin da Indiya sun nuna inda wannan ke kaiwa. Aikinsu yana fitar da wata iska mai suna HFC-23, wadda a lissafin Kyoto tan ɗaya nata daidai yake da tan 11,700 na iskar kabon. Ƙona ta ba shi da tsada, amma kowane tan da aka ƙona yana kawo takardu 11,700. Sai sharar ta fi hajar riba, har aka sami alamun wasu suna ƙara aiki don su sami abin ƙonawa. Turai ba ta rufe wa waɗannan takardu ƙofa ba sai 2013, bayan ɗaruruwan miliyoyinsu sun shiga kasuwa. A 2016 cibiyar Öko-Institut ta Jamus ta yi wa hukumar Tarayyar Turai bincike, ta gano kashi 85 cikin 100 na ayyukan da ta duba da wuya a ce kuɗin takardun ne ya sa aka yi su. Kashi 2 kacal ta ba shaida mai ƙarfi. Takardun da suka fito daga Rasha da Yukiren ma haka: Cibiyar Muhalli ta Stockholm ta ce a 2015 kusan kashi uku cikin huɗu ba ragi na gaskiya ba ne.

Afirka ba ta sami ko kashi 3 cikin 100 na ayyukan CDM ba, amma Najeriya ta ɗan taɓa. A 2006 aka yi rajistar aikin tara gas da ake ƙonawa a banza a Kwale ta jihar Delta. Masu suka suka ce doka ta hana wannan ƙonawa tun 1984, to ta yaya za a biya kamfani lada don ya daina abin da aka riga aka haramta? A 2009 kuma aka yi rajistar aikin murhun Save80 mai cin itace kaɗan, wanda ƙungiyar DARE ta Kaduna ta gudanar tare da abokan hulɗa na Jamus, kuɗin takardun yana rage wa magidanta tsadar murhun. Irin wannan aiki amfaninsa a fili yake ga matar da ta huta da hayaƙin girki da tsadar itace. Sai dai takardar CDM da ta kai wajen Yuro 20 a 2008 ta faɗo ƙasa da Yuro ɗaya a ƙarshen 2012, ƙananan ayyuka da dama a faɗin duniya suka rasa madafa.

Kafin 2013 rarar takardu a Turai ta kai kusan biliyan 2, kimanin hayaƙin shekara guda cur na duk masana'antun da ke cikin tsarin. A Afrilun shekarar majalisar dokokin Tarayyar ta ƙi amincewa da jinkirta gwanjon takardu miliyan 900, farashi ya sauka ƙasa da Yuro 3. Da wannan farashi babu tashar kwal da za ta ji a jikinta. Birtaniya ta gaji da jira, a watan nan na Afrilu ta ƙara nata haraji a kan farashin Turai, wanda ya kai fam 18 a kan tan daga 2015. Kwal da ke ba ta kusan kashi 40 na wutarta a 2012 ya koma kashi 7 a 2017, tashar ƙarshe kuma, Ratcliffe-on-Soar, ta rufe ranar 30 ga Satumban 2024. A nan aka ga aikin farashi idan ya yi nauyi kuma ga madadi a kusa, wato gas da injinan iska.

Tarayyar ma ta gyara daga baya. Ta mayar da adadin guda ɗaya ga kowa, yana raguwa kowace shekara, ta tilasta wa yawancin tashoshin lantarki saye a gwanjo, a Janairun 2019 kuma ta buɗe wata ma'ajiya da ke janye kashi 24 na rarar duk shekara. Farashi ya haura Yuro 20 a 2018, ya wuce 50 a 2021, ya taɓa 100 a Fabrairun 2023. An yanke cewa kafin 2030 hayaƙin waɗannan sassa ya ragu da kashi 62 daga na 2005, jiragen ruwa sun shiga a 2024, kyautar takardu ga masana'antun ƙarfe da siminti da taki kuma za ta ƙare a 2034, a maye gurbinta da kuɗin kabon a kan irin waɗannan kaya idan an shigo da su daga waje.

A sauran duniya abin ya tafi da ɗingishi. Jihohi goma na arewa maso gabashin Amurka sun fara tasu a 2009, farashi ya daɗe wajen dala 2, sai da suka zaftare adadin da kashi 45 a 2014. Gas mai araha ma ya taimaka wajen ragin da suka samu. Dokar da za ta shafi Amurka duka ta tsallake majalisar wakilai a 2009 da ƙuri'a 219 da 212, ta mutu a majalisar dattawa. Kalifoniya ta fara a 2013, ta koyi darasi ta sa farashin da ba a sauka ƙasa da shi. Ostireliya ta kafa a 2012, sabuwar gwamnati ta rushe a 2014. Koriya ta Kudu ta shiga a 2015. Sin, bayan gwaji a birane da larduna bakwai tun 2013, ta buɗe ta ƙasa baki ɗaya ranar 16 ga Yulin 2021 da kamfanonin lantarki sama da 2,000 masu fitar da kimanin tan biliyan 4.5. Ita ce mafi girma yanzu, amma an fara ta ba tare da adadin da aka yanke ba: gwargwadon wutar da tasha ta samar gwargwadon takardunta. Hakan yana sa tsohuwar tasha ta gyara injinta, amma ba ya hana gina sabuwa. A 2022 ma'aikatar muhallin ƙasar da kanta ta tona asirin kamfanonin tantancewa da ke murɗe alƙaluma.

To, kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Hayaƙin sassan da ke cikin kasuwar Turai ya ragu da kusan rabi tsakanin 2005 da 2024. Jami'ai suna son ambaton wannan adadi, amma ba kasuwa ce kaɗai ta yi aikin ba; akwai durƙushewar 2008, da tallafin da aka zuba a wutar rana da ta iska, da dokokin da suka rufe tsofaffin tashoshi. Masu bincike da suka yi ƙoƙarin ware rabon kasuwar sun sami adadi masu tawali'u. Patrick Bayer da Michaël Aklin sun ƙiyasta a 2020 cewa ta hana fitar tan biliyan 1.2 tsakanin 2008 da 2016, kimanin kashi 3.8 na hayaƙin Tarayyar. Wani binciken da ya kwatanta masana'antun da ke ciki da takwarorinsu na waje ya ga ragin kusan kashi 10 zuwa 2012, ba tare da asarar ayyuka ko riba ba, abin da ya ƙaryata barazanar da masu masana'antu suka daɗe suna yi cewa za su ƙaura. Jessica Green ta Jami'ar Toronto ta tattara bincike da dama a 2021 ta ce ragin bai wuce kashi 2 a shekara ba. Wata tattarawar a 2024, kan tsare-tsare 21 na haraji da ciniki, ta ba da kashi 5 zuwa 21. A nawa hukuncin, inda aka yanke adadi mai tsauri, aka auna da gaskiya, aka toshe ƙofar takardun waje, kasuwar ta yi aiki, musamman a wutar lantarki. A siminti da ƙarfe, inda aka shekara kusan 20 ana rabon kyauta, ragin ƙalilan ne. Kuma Turai ta ɓata sama da shekara goma kafin ta yi ƙarfin halin matse adadin. Bankin Duniya ya ce a 2024 kimanin kashi 24 na hayaƙin duniya ne ke da farashi a kansa, wanda farashinsa ya kai yadda masana suka ba da shawara kuwa bai kai kashi 1 ba.

Hanya ta biyu, irin ta CDM, wadda ta fi ba da kunya, ita ce yanzu take ƙwanƙwasa ƙofar Afirka. Yarjejeniyar Paris ta 2015 ta sake buɗe cinikin takardu tsakanin ƙasashe a sashe na 6, aka kammala ƙa'idojinsa a Baku a 2024. Gana ta ƙulla yarjejeniya da Suwizalan tun 2020, ta fara da manoman shinkafa masu rage kwanciyar ruwa a gona. Dokar sauyin yanayi da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Nuwamban 2021 ta tanadi harajin kabon da cinikinsa a Najeriya. A 2023 wani kamfanin Dubai, Blue Carbon, ya nemi ikon dazuzzuka masu faɗin miliyoyin hekta a Laberiya da Zimbabuwe. A shekarar ne jaridun Guardian da Die Zeit suka ruwaito cewa sama da kashi 90 na takardun kare daji da ƙungiyar Verra ta tantance ba su da tushe, zargin da Verra ta musanta. A 2024 masu bincike na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley suka ce takardun murhun girki an kumbura su kusan ninki tara.

Saboda haka dagaci ko shugaban ƙungiyar manoma da aka kawo wa takardar dashen itace ko rabon murhu da sunan kuɗin kabon, kada ya sa hannu sai an karanta masa ita da harshen da yake ji. Ya tambayi shekara nawa za a riƙe filin, ko kiwo da saran itace za su ci gaba, wa zai yi awo, nawa ake sayar da tan a can, nawa kuma zai iso hannun mutanensa.